Mai Nauyin da Baba Ya Zaɓa

Ina tsakiyar kafa hannun riga Baba ya buga bango da sandarsa. Ɗakin ɗinkina manne yake da nasa, kuma tun da ya kwanta ciwo bangon nan ya zama wayarmu. Na cire ƙafa daga keke na shiga, allura a baki.

"Uwata, kashe fankar nan ki zo ki ji."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce ba sunan kaɗai na gada ba, har da bakin. Na kashe fanka, na sunkuya kusa da akwatin kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinsa. Da farko ban ji komai ba, sai daga baya wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, ya yi shiru, ya sake.

"Kin ji ko? Injin nan zai buga. Da mota ce da tuni na faka."

Baba direban tirela ne tun kafin a haife ni. A tasha Tafi-Sannu suke ce masa, don bai taɓa gudu ba kuma bai taɓa kayar da kaya ba. Sai ga shi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a tsakar gida, yana ɗaura igiyar takalmi. Hannun hagu da ƙafar hagu suka ƙi shi. Da aka sallamo shi daga asibiti ya juya fuska bango, ya daina magana sai "to" da "bari". Abinci sai na yi kamar zan yi kuka. Wallahi na fi tsoron wannan kwanciyar fiye da ciwon kansa.

Ƙanina Auta, wanda ke aiki a nesa, shi ya zo hutu ya haɗa masa kwamfuta da sitiyari da totur da birki, ya sa masa wasan tuƙin tirela. Ni na ce ɓarnar kuɗi ce, na faɗa da ƙarfi kuwa. Baba ya kalli allon ta wutsiyar ido, ya ga Auta yana ƙoƙarin yin ribas da tirela yana ta nannaɗe ta kamar tabarma. Ya jure, ya jure, ya kasa. Ya ce, "Tashi, kana ba ni kunya." Tun daga ranar yake tashi da safe ya yi wanka ya sa hula, ya zauna gaban sitiyari. A cikin wasan ya fara da tuƙa motar wasu, har ya sayi tasa ya yi mata fenti irin na tsohuwar motarsa, har ya buɗe gareji ya ɗauki direbobi yana yi musu faɗa su da ba su ji. Hannun hagun da likita ya yi ta fama da shi, ga shi nan a kan sitiyari yana ɗan kamawa.

To duk wannan yana cikin abin da ke cewa ƙas, ƙas. In ya mutu, motar Baba da garejinsa sun tafi, ni kuma na san inda Baba zai koma.

Na kira Auta na kara masa wayar a jikin akwatin. Ya ce faifan ajiya ne, irin na da mai juyawa a ciki, kuma ƙarar nan ta ban kwana ce. Ya ce a kashe kwamfutar yanzu, kada a sake kunnawa sai a wurin gyara.

"Yaya, SSD za ki saya. Shi ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuma wasan zai riƙa buɗewa da sauri. Amma don Allah sabo, a kwalinsa, a babban shago, na kamfanin da aka sani, mai garanti. Mai ɗaukar kaya tera ɗaya ya ishe shi har da saura. Kada ki saya a bakin titi ko da kyauta ne."

"Ni za ka koya wa sayayya? Lokacin da nake sayo maka wando kana ina?"

"Ina cikin wandon, Yaya. Ki kai wa ƙawata Injiniya mai gyara ta sa, ta san kwamfutar."

Washegari na yafa mayafi zan fita, sai na tarar da Baba a bakin ƙofa, ya sa babbar riga, sanda a hannu. Ya ce shi ba a taɓa sayo wa motarsa ko da noti ba tare da ya gani ba. Gabana ya faɗi, sannan daɗi ya rufe ni, don tun da ya dawo daga asibiti ƙafarsa ba ta taka titi ba sai in ranar ganin likita ce. Na tare mana tasi. Duk hanya yana gaya wa direban inda ya yi kuskure, shi kuwa bawan Allah yana ta cewa, "Haka ne, Baba."

Shagon da Auta ya kwatanta mini a hawa na ƙasa yake, cikin wani dogon gini da kowa ke sayar da kayan waya da kwamfuta. Sanyi a ciki kamar ɗakin ajiye magani. Mai shagon ya kawo wa Baba kujera, ya duba hoton cikin kwamfutar da na nuna masa a waya, ya ɗauko wani ɗan kwali daga bayan gilashi. Ya kuma ɗauko irin abin da ke cikin kwalin, wanda yake nuna wa masu saye, ya ɗora wa Baba a tafin hannu. Siriri ne, bai fi ɗan cingam ba.

Baba ya ɗaga hannu, ya sauke, ya sake ɗagawa. Ya kara abin a kunne ya girgiza.

"Ina sauran?"

"Shi ke nan, Baba. Duka ke nan."

"Wannan zai ɗauki tirela da gareji? Wannan ai iska ce. Kuma ka ce ba ya ƙara. Abin da ba ya ƙara, ta yaya zan san ranar da zai mutu?"

Mai shagon ya yi bayani iya bayani. Ya ce shekarun garantin suna rubuce a kwalin, ya ce akwai lamba da ake dubawa a shafin kamfanin a tabbatar na gaske ne, ya ce abin yana da mita a cikinsa da ke nuna yawan aikin da ya yi da lafiyar da ta rage masa. Baba ya saurara da ladabi, irin sauraren wanda ya riga ya gama yanke hukunci. Ya ajiye abin a kan gilashi a hankali ya ce Allah ya ba da kasuwa.

Muna fita, raina a ɓace, wani mai tebur a bakin ƙofar ginin ya miƙe tsaye har da cire hula.

"Barka da fitowa, Baba. Daga ganin tafiyar nan, tsohon direba ne. Babbar mota ko?"

Shi ke nan an gama da mu. Kafin in buɗe baki Baba ya zauna a kan bencinsa suna hirar giya da hawan tudu. Mai tebur ya ji abin da muke nema, ya tura hannu ƙarƙashin tebur ya zaro wani abu mai jikin ƙarfe, faɗinsa kamar tafin hannu, yana ƙyalli. Ya ce wannan tera goma sha shida ne, kuma kuɗinsa bai kai na wancan ɗan cingam ɗin ba. Ba kwali, ba suna a jiki sai wasu haruffa da zanen walƙiya.

Baba ya karɓa da hannun dama. Na ga hannun ya ɗan yi ƙasa saboda nauyi, na ga fuskarsa ta buɗe. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya jinjina kai.

"Yauwa. Wannan an sa masa ƙarfe. Duk kayan da na saya a rayuwata, daga fiston har fanfon mai, a hannu nake gane na gaske. Jabu ba ya nauyi, don mai yin jabu ƙarfe yake sata."

"Baba, Auta ya ce kada a saya a bakin titi. Ya za a yi abu ya ninka wancan girma haka kuma ya fi shi araha? Ina garantinsa? Ina..."

"Uwata," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Hannu ɗaya ya rage mini. Amma wannan ɗin bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Maganar da ke bakina ta koma ciki. Ni da ake cewa ba a kayar da ni a ciniki, ni da masu sayar da yadi ke gyara zama in sun hango ni, na tsaya kamar an dasa ni. Ina kallon mutumin da na yi wata da watanni ina roƙo ya ci abinci, ga shi yana ciniki yana dariya har da tafa hannu da cinya. Na ce, "To, Baba." Na biya. Mai tebur ya naɗe abin a takarda yana yi mini murmushi, ni kuwa da ido na kashe shi na binne.

Injiniya ƙawar Auta ce tun makaranta. Shagonta ɗan ƙarami ne a saman bene, ko'ina wayoyi da ƙananan noti a cikin gwangwanaye, da kyanwa da ke kwana a kan wata matacciyar firinta. Washegari na kai mata akwatin kwamfutar da sayayyar Baba. Ta juya abin a hannu, ta kalle ni ta saman tabarau. Ta haɗa shi da tata kwamfutar, ya nuna tera goma sha shida kamar yadda aka ce. Har na fara jin kunyar zargin da na yi.

"Tsaya tukuna, Yaya. Faɗa ba wuya. Bari mu loda masa kaya mu gani."

Ta yi ta tura masa hotuna da bidiyo, yana karɓa yana karɓa. Da ta koma buɗe na farkon, babu ko ɗaya da ya buɗe. Ta ce haka suke yi, ɗan wurin da ke ciki kaɗan ne, in ya cika sai sabon kaya ya hau kan tsoho ya shafe shi, abin kuma yana ta nuna maka komai lafiya. Ta sa bakin sukundireba ta ɓalle murfin. A ciki akwai ɗan kati irin na waya, da wani ƙaton noti na ƙarfe an manne shi da gam.

Na zauna a kan kujerar da ke kusa ba tare da na duba ko akwai wani abu a kai ba. Da a ce motar Baba aka kwashe aka zuba a nan, da ta tafi, mu kuma muna murna. Na yi wa mai tebur addu'o'in da ba zan maimaita ba. Injiniya ta bar ni na gama, sannan ta miƙo mini ruwa.

Na koma babban shagon na sayo ɗan siririn a kwalinsa, da rasit. A bakin ƙofa ba tebur ba mai tebur, sai benci. Injiniya ta duba lambar kwalin a shafin kamfanin, ta dace. Ta duba mitar cikinsa, ta nuna mini bai taɓa aiki ba, don ta ce akwai masu wanke tsoho su sa a sabon kwali. Ta cika shi da kaya har wuya ta sake karantawa, komai ya dawo daidai. Sai a sannan ta soke shi a wani ɗan rami a jikin babban farantin da ke cikin kwamfutar, ta rufe shi da wani murfin ƙarfe mai shan zafi.

Kwashe kayan tsohon faifan shi ne tashin hankali. Ta fara da ajiyar wasan Baba kafin komai. Faifan yana ƙas, ƙas, layin da ke allo ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. Akwai inda ya tsaya har na miƙe na fara zagaya shagon ina taka wayoyi, kyanwa ta gudu. Da ya motsa ya kai ƙarshe, Injiniya ta buɗe wasan, sai ga motar Baba a gareji da fentinta. Na rungume yarinyar nan har tabarau ɗinta ya karkace. Tsohon faifan bai ƙara tashi ba daga ranar.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi nauyi a raina. In Baba ya ji cewa hannun da ya rage masa ya auna noti ya ce zinariya ce, me zai hana shi komawa ya fuskanci bango? Na ce wa Injiniya ta mayar da murfin jabun ta manne, ta ɗaure shi a cikin akwatin inda za a gan shi ta gilashin gefe.

"Yaya, ba zan haɗa shi da komai ba fa. Zai iya rikita kwamfutar."

"Ki sa masa waya, ki tura ƙarshenta baya inda ba a gani."

Ta ce ita dai ba ta so, amma ta yi. Auta ma da na gaya masa ya ce, "Yaya, anya?" Na ce ya rufe mini baki, shi da ke nesa bai san yadda ake ɗura wa Baba koko da cokali ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi daɗi. Wasan da a da sai Baba ya sha rabin shayinsa kafin ya buɗe, yanzu kafin ya gyara hula ya buɗe. Ya ɗauki lodi mai nisa, ya sayi tirela ta biyu. Ni kuma duk lokacin da na shiga na ga abin nan yana ƙyalli ta gilashi sai in kawar da kai, in tambaye shi ko yana son ƙarin suga.

Wata safiya ya buga bango. Na shiga na tarar da kwamfutar a kashe, an jawo akwatin daga ƙarƙashin tebur, gilashin gefen yana jingine da bango. Baba na zaune, sukundireba a hannun dama, tocila a hannun hagu. Yatsun suna rawa amma sun riƙe ta. A kan cinyarsa ga abin mai ƙyalli, da wayarsa tana lilo.

"Direba ba ya tayar da mota bai zagaya ta ba," ya ce. "Tun ranar da kika dawo da ita nake kallon wayar nan, ban ga inda ta shiga ba. Yau na bi ta. Ba ta je ko'ina ba, Uwata."

Ya sa sukundireba a gefen abin, gam ɗin Injiniya ya saki, notin ya faɗo a kan rigarsa. Ya ɗauka ya juya shi a haske, ya daɗe yana kallo. Ni kuwa gadon nake kallo, da bangon da ke bayansa.

"Baba, laifin mutumin nan ne. Kowa zai iya..."

"Zauna."

Na zauna a bakin gadon, don kada ya samu wurin kwanciya.

"An cuce ni, na gani. Ba yau aka fara ba. An taɓa sayar mini da taya mai fenti ina da hannu biyu da ƙafa biyu, na yi kwana uku a daji. Wannan ba komai ba ne." Ya ajiye notin a tebur. "Abin da nake so ki gaya mini, a kasuwa kin san jabu ne?"

"Na yi zargi."

"Kika fara faɗa, sai kika haɗiye. Kika ce to, Baba."

Na sunkuyar da kai.

"Ke da tun kina ƙarama in na dawo da kaya marasa kyau sai kin bi ni har ƙofar wanka kina mita. Tun da na faɗi, kowa a gidan nan ya koma to, Baba. Likita to, Baba. Direban tasi to, Baba. In na ce rana daga yamma take fitowa, to, Baba. Kin san wa ake yi wa haka? Wanda aka gama da shi, ana jiran lokaci. Ciwon bai kwantar da ni kamar yadda wannan ya kwantar da ni ba. Na ɗauka ke kaɗai ba za ki yi mini ba."

Hawaye suka zubo mini, kuma tare da su wani abu ya taso daga ƙirjina wanda ya daɗe a danne. Na miƙe tsaye.

"To tunda so kake ka ji, ka ji. Taurin kai ne da kai, Baba, ba a taɓa yin irinsa ba. Mutum ya zaunar da kai a kujera ya yi maka bayani tiryan-tiryan, ka ƙi, wani ɗan damfara ya cire maka hula ya kira ka direba, ka narke kamar man shanu a rana. Kwamfuta ce, ba gingimari ba ce, wa ya ce maka a kilo ake sayar da ita? Saura ƙiris ka zuba motarka da garejinka a rami, ni kuma ka bar ni da cokali a hannu ina roƙon bango. Ka san irin tsoron da na ji? Ka san ko barci ban..."

A nan na tsaya ina share fuska da gefen mayafi. Da na ɗago, Baba ya jingina da kujera, idonsa ya yi ja, bakinsa na ɓangaren da ke motsi ya tafi har kunne.

"Ci gaba," ya ce. "Ai ba ki gama ba."

"Ban gama ba. Sai na sha ruwa."

"Sha ki dawo." Ya ɗaga tocilar da hannun hagu, da ƙyar, ya haska cikin akwatin. "Amma kafin nan zo ki nuna mini inda kuka ɓoye na gaskiyar. Gobe kuma ki kai ni wurin yarinyar nan ta koya mini karanta mitarsa, tunda shi ba ya kuka."

Na durƙusa kusa da shi na nuna masa ɗan murfin da yatsa. Hasken yana ta rawa a kan farantin, na kai hannu zan karɓi tocilar, ya janye ta.

"Bar ni in riƙe," ya ce. "In na haska ba daidai ba, ki faɗa."

"Ba daidai ba ne. Yi ƙasa kaɗan."

Ya yi ƙasa kaɗan.